Halo a Bakin Inna

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a irin ƙauyenmu, can tsakanin Tsanyawa da Bagwai, ya san abin da hakan ke nufi. Uwarka ba ta kiran sunanka, ba ta haɗa ido da kai, ba ta yi maka magana kai tsaye muddin akwai wani bakin da za ta aika. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya. Gida ɗaya ne, ɗakin nan yana kallon wancan, amma a wurin Iya na yi wayo. Ita ke dirje ni da soso har sai na yi ihu, ita ke ɓoye mini ƙanzo, ita ke zagina in na dawo daga kiwo da yagaggen wando. Inna kuwa kullum ina ganinta, tana daka, tana tankaɗe, tana goyon ƙannena ɗaya bayan ɗaya, amma tsakanina da ita sai saƙo.

"Ki ce wa yayanku ruwan wankansa yana hucewa."

Sai ƙanwata ta juyo ta maimaita mini, alhali ga ni zaune a gabansu da kunnuwana lafiya lau. In kuwa babu kowa a tsakar gidan sai ni da ita, to kaji take gaya wa. "Wai tuwon nan ba za a ci ba ne sai ya sandare?" Kaji dai ba su da kwano a gidan, saboda haka na san da ni ake. Sunana a bakinta "wancan", in ta ji daɗi "ɗan Iya". Akwai maƙwabcinmu mai sayar da manja da muke suna ɗaya da shi. Bawan Allah bai ji ba bai gani ba ya rasa sunansa a wurinta, ya koma "mai manja" har ya bar duniya.

Ba zan yi ƙarya ba, abin ya ci mini rai. Kowa ya ce kunya ce, kara ce, haka iyaye suka tarar, kuma macen da za ta rungumi ɗanta na fari a gaban mutane a wancan lokaci, an riƙa yi da ita ke nan a bakin rijiya. Da na girma na fahimta, amma fahimta ba ta hana mutum jin abu a ransa. Ranar da kunama ta harbe ni a gona aka kinkimo ni ina tsala ihu, na ga Inna ta saki taɓarya ta yiwo kaina da gudu. Saura ƙiris ta iso sai ta ja ta tsaya, ta gyara ɗaurin zane, ta ce wa Iya, "A ɗaure masa ƙafar daga sama," ta koma kan turmi. Har yau ina jin ƙarar dakan nan. Iya ta ce yau turmi ya ga ta kansa. Ni a lokacin ban gane abin da Iya ke nufi ba, kukana kawai na ƙara.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To ni ina zan ga fuskar? Na yi firamare, na yi sakandare, na yi karatun koyarwa, na samu aiki a wata makaranta a Kano ina koyar da Turanci, na kama haya a Rijiyar Zaki, na yi aure. Iya ta rasu a tsakani. Duk zuwan da zan yi gida, in durƙusa a bakin ƙofar Inna in gaishe ta, ita kuma ta ba ƙofa baya tana wata tsintar wake da ba ta ƙarewa. "Lafiya lau. An zo lafiya? Ya mutan gidan? Madalla." Shi ke nan an sallame ni. Sai na koma Kano in tarar da ƙullin kuka da daddawa da ƙuli-ƙuli a ƙasan jakata, ba wanda ya ga shigarsu.

Sai waya ta shigo ƙasar.

Baba na fara saya wa. Shi malami ne, da asuba yana biya wa yaran unguwa karatu a zaure, hantsi ya yi ya saɓi fartanya. Ya karɓi wayar, ya jujjuya ta, ya sa albarka, amma ya kafa sharaɗi: shi ba zai ce "halo" ba.

"Musulmi ya bar sallama mai lada ya kama wata halo? Me ake nufi da ita ma?"

Na ce, "Ai gaisuwar Turawa ce, Baba."

"To ina kwana ce ko ina wuni?"

Na ce duka biyun.

Ya ce, "Ka ji ragwanci."

Har yau in ka kira shi cikakkiyar sallama zai yi maka, har da wa barakatuhu, katinka yana tafiya.

Shi kaɗai ya ƙi ta, sauran ƙauyen kuwa suka yi mata caa. Ni a aji abin da nake koya wa ɗalibai bai taka kara ya karya ba: da ita ake gaisawa, da ita ake amsa waya, da ita ake jawo hankalin wanda ya yi nisa a tunani. 'Yan jami'ar da ke haya a layinmu sun ƙara mata nasu. Yarinya za ta kaɗa yatsu a fuskar ƙawarta ta ja ta, "halooo," wato ke wai ina hankalinki ya tafi. Mai lasifika a wurin ɗaurin aure sai ya hura ya ce "halo, halo" kafin ma ya yi bismilla. Amma a ƙauyenmu kalmar ta samu wurin miƙe ƙafa. Wayar kanta halo ce. Kati abincin halo. Mai shagon caji a bakin kasuwa, mai halo. Matar da ta cika surutu a gidan suna a ce ta haɗiyi halo. In an aiki yaro ya daɗe, uwarsa ta leƙa ta kan darni ta ƙwala masa, "Kai, halo!" Kuma da yake a lokacin sabis ba ya kama ko'ina, wuri ɗaya yake leƙowa a gidanmu, can bayan rumbun dawa kusa da turken jaki. Nan Baba ya kafa sanda ya rataye wayar a cikin 'yar jaka, wurin ya zama bakin halo. Maƙwabta har sallama suke yi su ce sun zo bakin halo, su tsaya suna ɗaga murya jaki yana kallonsu.

Wata rana da kaka, wajen hantsi, ba ni da darasi, na kira Baba in ji ko an gama yankan gero. Wayar ta yi ta kuka ba a ɗauka ba. Har zan kashe sai na ji an danna, na ji numfashi, can kuma wata murya ƙasa-ƙasa.

"Halo."

Na san muryar, amma ban taɓa jin ta nufo ni ba. Ashe kowa ya tafi gona, ita kaɗai aka bari tana dafa wa masu yanka abinci. Wayar ta dame ta, ta zo ta danna inda ta ga ana dannawa.

"Halo. Inna ce?"

Na zaci ta ajiye. Sai ta sake cewa, "Halo," kamar mai gwada zurfin rafi da ƙafa. Sannan ta ce, "Suna gona. Ka ci abinci?"

Ina tsaye a gindin darbejiya a harabar makaranta, da alli a hannuna, magidanci da iyali, ga Inna tana tambayata ko na ci abinci. Babu "a ce wa wancan", babu kaji. Da ni take. Na ce na ci, alhali ban ci ba. Ta ce me na ci. Na ce ƙosai. Ta ce ƙosai ba abinci ba ne. Sannan ta ce, "To, halo," ta kashe, don a zatonta da ita ake buɗewa da ita ake rufewa. Na shiga aji na gaba na ba su aikin rubutu, na zauna ina kallon taga har aka kaɗa ƙararrawa.

Daga ranar na zama mai bin diddigin lokacin da gidanmu ke watsewa: ranar kasuwar Tsanyawa, ranar da ake suna a wata unguwa, hantsin damina in kowa ya duƙa noma. Daga baya na sayi wata ƙaramar waya mai tocila na ba ƙanwata ta kai mata, na ce a ce don haska hanya ce in gari ya yi duhu. Ta karɓa ta ce tocilar tana da kyau. Ƙanwata ta saita mata yadda in ta danna kore sau biyu ni za ta samu. Kafin lokacin an kafa ƙarfen sabis a bakin titi, waya tana kamawa har ƙuryar ɗaki, amma ita bayan rumbun ta saba.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa ta yarda, ga kuma abin da na gane. Duk abin da kunya ta hana an san shi tun kaka da kakanni. An hana ido, an hana suna, an hana zama a tabarma ɗaya. Ba wanda ya taɓa kafa doka a kan mace ta tsaya bayan rumbu da wani ɗan ƙarfe a kunne. Ita kuma kalmar ba ta kowa ba ce, ba Hausa ba, ba Larabci ba, ba ta da nauyi a baki. Sai Inna ta yi ta ɗora mata kaya iya son ranta.

In ta ja ta, "haloo?", to na yi shiru ne, tana son jin abin da ke damuna. In ta yanke ta gajere ta kashe, wani ya shigo gidan. In ta jera biyu, "halo, halo," faɗa za ta yi, kamar ranar da ta ji na bar matata ta tafi awo ita kaɗai da tsohon ciki. An ce ma da ita take yi wa jikokinta rawa a cinya. Sai wata rana ƙanwata ta kira ni tana dariya har da shaƙewa.

"Yaya, albishirinka, ka samu suna. Yanzu Inna ke tambayata wai Halo ya ce yaushe zai zo."

Na taya ta dariya. Da na ajiye wayar sai da na shiga bayi na wanke fuska. Sunan banza ne, ko jaki ba za a sa wa ba, amma nawa ne, kuma da bakinta take faɗinsa.

A wayar nan na san uwata. Ashe tana da ban dariya! Ta iya kwaikwayon muryar Baba in yana ciniki, yadda yake jawo aya da hadisi a kan farashin taki har mai takin ya gaji ya sallama. Ashe tsoron kwaɗi take ji, matar da na sha gani ta kashe maciji da taɓarya. Ita ke gaya mini in ruwa ya isa shuka, ita ke gaya mini gonar wa tsutsa ta kama da wanda ya yi sakaci ciyawa ta ci masa gero. Ta ba ni labarin gidansu a Bagwai inda aka kai ta goyon ciki ta haife ni, damina ta yi tsakiya, ɗakin yana yoyo an jera ƙore a ƙasa. Sau ɗaya tak ta taɓo kwanakin da aka yaye ni. Ta ce tana jin kukana ta bango, ta cusa bakin zane a baki don kada a ji nata. Tana gama faɗa ta ce, "Halo, wake yana ƙonewa," ta kashe. Ba ta ƙara tayar da maganar ba, ni ma ban ƙara ba.

Akwai ranar da ta rage murya kamar mai tambayar abin asiri. Matata 'yar cikin gari ce, tana kiran sunan 'yarmu ta fari gatsal, ta yi mata kitso a cinya, ta sumbace ta a gaban kowa.

"Halo, wai gaskiya ne uwar yaran nan tana kiran sunan babbar?"

Na ce, "Gaskiya ne, Inna."

"A gaban mutane?"

"Har a kasuwa."

"Kuma ba ta jin komai?"

Na ce ba ta ji. Na gyara tsayuwa ina jiran a fara "halo, halo". Sai ta ce, "Ta huta."

Amma in na zo gida, ko gezau. Bayanta dai, da tsintar wakenta, da "an zo lafiya". Jiya mun yi hira har kati ya ƙare, yau ni ne wancan. Da farko haushi yake ba ni, daga baya na ga da babu gara ba daɗi.

Sau ɗaya aka kusa yi mana asara. Gwaggona, ƙanwar Baba, mace ce da bakinta ba shi da linzami. Ta zo aron rariya, ta zagaya bayan rumbu ta tarar da Inna tana ƙyaƙyata dariya. Ina jin ta ta cikin wayar.

"Au! Ashe da ɗan fari ake ƙus-ƙus a bayan rumbu? Lallai zamani ya zo! Bari in kirawo mata su zo su ga ikon Allah."

Ƙit, aka kashe. Rani guda cur Inna ba ta ɗauki kirana ba. Na yi fushi da Gwaggo har na ƙi kai mata sabulun da na saba kai mata, ita kuwa ko a jikinta, ta ma manta ta yi maganar. Sai da ruwan farko ya sauka, ina zaune ina duba takardun jarrabawa, wayata ta yi ƙara ɗaya ta katse. Na bi kiran.

"Halo. Hannuna ne ya taɓa."

Na ce, "To Allah ya ƙara taɓawa, Inna."

Ta ce, "Ja'iri," muka ɗora daga inda muka tsaya.

Haka muka yi shekaru, har 'yata ta fari ta isa shiga jami'ar nan ta kusa da mu. Sai na lura halon Inna ta fara yawa. In ce mata yara suna gaishe ta, ta ce ai an sayar da jakin tuni. In ɗaga murya har malamai 'yan'uwana su leƙo ta tagar ofis. Na ɗora wa sabis laifi, na ɗora wa wayar laifi na aika da sabuwa, ba abin da ya sake. Ƙanwata ce ta fito ta gaya mini gaskiya: ko kiran salla Inna ba ta ji yanzu, sai ta ga mutane sun tashi alwala. Ƙanena, wanda ke zaune da su a gida, ya kawo ta asibiti a Kano, ni na tsaya a baranda don kada in takura mata. Likita ya ce tsufa ne. Kunnen dama ya tafi, na hagu da saura kaɗan in an matso dab da shi. Aka ba ta wani ɗan abu da ake maƙalawa a kunne. Ta sa kwana biyu ta ce gyare aka zuba mata, ta cire ta adana a cikin kwalla.

'Yata ta kawo shawarar a yi kiran bidiyo, ko Inna za ta riƙa kallon bakina ta gane. Ƙanena ya miƙa mata babbar wayarsa. Tun hoton bai gama fitowa ba ta kife ta a tabarma ta tashi.

Na ci gaba da kira, don taurin kai na gado. Kira na ƙarshe da ta ɗauka, ina halo tana halo. Can sai ta ce a hankali, "Halo, in kana ji na, ni ba na jin ka. Kar ka ƙara ɓata katinka. Allah ya yi maka albarka." Ta kashe.

Ban taɓa jin fushi irin na ranar ba, kuma na rasa wanda zan sauke wa. Na yi wa ɗalibai tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Matata ta ce ai sai ƙanwata ta riƙa riƙe wayar tana gaya wa Inna abin da na ce. Na ce wato in koma "ki ce wa yayanku" ke nan, da girmana? Ba saƙo na rasa ba. Matar nan mai kwaikwayon Baba, mai tsoron kwaɗi, ita na rasa, kuma a gaban wani ba ta fitowa. Tana raye, tana cin tuwonta, amma hanyar da nake bi in same ta ɗaya ce, ga shi ta toshe.

Na nemi izinin 'yan kwanaki a makaranta, na hau ƙaramar bas zuwa Tsanyawa, daga nan acaɓa ya ratsa da ni ta gonaki. Lokacin cirar gyaɗa ne, dawa ta sunkuyar da kai, ko'ina mutane a duƙe. Na durƙusa a bakin ƙofarta na yi gaisuwa. Ta ga inuwata ta juya baya kamar kullum. Ina cewa "ina wuni" tana cewa "madalla", ina cewa "ya jiki" tana cewa "an zo lafiya". Ta haddace gaisuwar ne tana jerawa, ba ta san inda nake a cikinta ba. Na tashi na koma zaure na zauna kusa da Baba, na ce gobe zan koma, aiki ya yi yawa. Ya ci gaba da jan carbinsa.

Washegari, ana tashi daga karatun safe, Baba ya fito da sandarsa ya tayar da gidan kaf. Ƙanena, matarsa, yaransu, har Gwaggo da ta shigo gaisuwa. Ya ce yau kowa gonar gyaɗa, wanda ba ya iya cira ya yi tsiga. Gwaggo ta ce ita da ciwon gwiwa? Ya ce a zaune ake tsigar gyaɗa. Na ɗauko takalmina zan bi su, ya tare ni da sanda.

"Kai zauna. Hannun alli ba ya cirar gyaɗa."

Na ce, "Baba, ai da ita na tashi."

"Na ce ka zauna. Ba za mu dawo ba sai azahar." Ya kai bakin zaure ya waiwayo. "In za ka yi mata magana, ka fara da sallama dai, ko sau ɗaya."

Ya ja ƙyaure ya rufe. Duk shekarun nan ashe ya sani.

Gidan ya yi tsit. Na zauna a kan wani kifaffen turmi ina ta saƙa da warwara. In je in durƙusa a kunnenta in ɗaga murya? Ban taɓa matsawa kusa da ita haka ba, kuma na san in na yi gaggawa za ta tashi ta shige ɗaki, in yi biyu babu. Ina cikin haka sai ta fito da tabarma, ta shimfiɗa a inuwar ɗakinta, ta zauna can gefe ɗaya ta bar fili a hagunta. Ta kwance bakin zane ta fito da wayarta. Daga inda nake ina hango fuskar wayar baƙa ƙirin, an daɗe rabonta da caji. Ta kara ta a kunnen dama, wanda ba ya ji, ta fuskanci darni, ta gyara murya.

"Halo."

Ni da wautata sai na laluba aljihu na ciro tawa wayar. Ba ta kalle ni ba, ta dai sa hannun hagu ta bubbuga tabarma.

Na cire takalmi, na zauna a inda ta nuna. Ƙamshin hayaƙi da man gyaɗa take yi. Ashe ƙarama ce, ko a zaune kafaɗarta ba ta kai tawa ba. Na sunkuya dab da kunnenta na hagu.

"Salamu alaikum. Halo, Inna."

Ta yi ajiyar zuciya. "Wa alaikumus salam. Yauwa. Yau sabis ya yi kyau."

Muka yi hira. Ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta ce a gaya wa babbar ta rage yawon biki ta kama karatu. Ta ba ni labarin yadda tinkiyar ƙanena ta shiga gonar maƙwabci ta yi ɓarna, aka kai ƙara wurin mai unguwa, ya taso da fushi ya zo ganin ɓarnar, ya tarar tasa akuyar ma tana ciki. Ina dariya a kunnenta, tana jin dariyar tana ƙara wa labarin gishiri. Duk abin nan idonta yana kan darni, wayar tana kunne, hannun har ya gaji ta tallafe shi da ɗayan.

Rana ta ɗago, inuwa ta fara janyewa daga ƙafafunmu. Na ce mata na fasa komawa yau sai jibi, kuma zan riƙa zuwa duk ƙarshen wata. Ba ta kama ba. Na sake faɗa.

"Me ka ce?"

Sai ta juyo ba shiri, yadda mai nauyin kunne ke yi don ya ga bakin mai magana, muka haɗa ido. Na zaci za ta kawar da kai. Ba ta kawar ba. Ta sauke wayar a cinya, ta yi ta kallona a hankali, daga goshi har gemu, idonta ya ciko.

"Yaushe ka yi furfura haka?"

Na matsa kunnenta na ce, "Ai an daɗe, Inna."

Ta ce, "Ba wanda ya gaya mini."

Ta kai hannu ta ɗage mini hula don ta ga sauran, ta ɗora tafinta a kaina. Hannun yana da kaushi, yana da ɗumi. Ba ta ɗauke shi ba har na jiyo Baba daga nesa, tun bai iso zaure ba, yana wani tarin da ba na mura ba.